Ɗana ya daina ɗaukar wayata: hure masa kunne aka yi?

"Assalamu alaikum Malama. Aurena ya mutu shekara biyu ke nan, yaranmu biyu suna hannun babansu, namiji mai shekara 11 da mace mai shekara 6. Da farko suna zuwa wurina duk hutu, muna waya kusan kullum. Wata bakwai da suka wuce sai babban ya canza. Ba ya ɗaukar wayata, in ya ɗauka sai ya ce ni na watsar da su, wai ban taɓa son su ba, har yana kawo abubuwan da suka faru tsakanina da babansa tun yana goye. Ƙaramar tana murna in ta ji muryata, amma da wani ya shigo sai ta yi shiru. Babansu ya ce shi bai hana kowa ba, yaron ne ba ya so. Shin hure masa kunne ake yi? In kai ƙara kotu ne, ko in zaunar da yaron in faɗa masa gaskiyar abin da babansa ya yi mini?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya shirya miki su. Tambaya uku ce a cikin saƙonki: me ya juya yaron, ko kotu ce mafita, sannan ko ya dace ki buɗe masa abin da ya gudana tsakaninki da mahaifinsa. Ta ƙarshen ta fi gaggawa, don haka ga amsarta tun yanzu: kada ki yi. Dalilin yana tafe a gaba. Sauran biyun suna bukatar shimfiɗa.

Abin da masana suka gano, da inda suka saɓa

Abin da kike zargi yana faruwa, kuma an daɗe da lura da shi. Judith Wallerstein da Joan Kelly, waɗanda suka bi diddigin iyalai 60 da aurensu ya mutu a jihar Kalifoniya ta Amurka tun farkon shekarun 1970, sun ga cewa wasu yara, musamman 'yan shekara 9 zuwa 12, sukan ɗauki ɓangaren ɗaya daga cikin iyayen su yi gaba da ɗayan. Ɗanki yana tsakiyar waɗannan shekarun. Yaro a wannan mataki ya san daidai da ba daidai ba, amma bai kai ga gane cewa mutum biyu na iya saɓawa kowa da nasa laifin ba. Sai ya nemi mai laifi guda ɗaya, in ya same shi hankalinsa ya ɗan kwanta.

A 1985 wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Amurka, Richard Gardner, ya ce wannan hali ciwo ne mai alamominsa, kuma mai riƙon yaro ne ke haddasa shi. Maganarsa ta yaɗu a kotuna, amma manyan hukumomin lafiya ba su karɓe ta a matsayin ciwo ba. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ba ta sa shi a kundin cututtukanta na 2013 ba, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta cire sunan da ake kiran wannan hali da shi daga jerin kalmomin kundin cututtukanta a 2020. Ƙasashe ma sun rabu: Birazil ta yi doka a 2010 mai hukunta wanda ya cusa wa yaro ƙin mahaifinsa ko mahaifiyarsa, Sifen kuwa ta yi doka a 2021 da ke hana hukumomi dogara da ra'ayin Gardner. A 2023 Reem Alsalem, jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya kan cin zarafin mata, ta gabatar da rahoton da ke cewa masu dukan mata da yara suna fakewa da wannan zargi a kotu: uwa ta ce ana cutar da yaro, sai uba ya ce ai ita ke zuga shi. Binciken Joan Meier kan hukunce-hukuncen kotunan Amurka ya nuna cewa idan uba ya mayar da irin wannan martani, yawan iyaye matan da ake ƙwace wa riƙo yakan kusa ninkawa.

Na kawo miki wannan ne don ki riƙe gaskiya biyu tare. Akwai iyayen da ke ɓata sunan abokin rabuwarsu a wurin yaro har ya ƙi shi, maza da mata duk suna yi, na kuma ga ɓarnar da idona. Akwai kuma yaran da suka guji uwa ko uba saboda dalili mai ƙarfi, aka ce hure musu kunne aka yi, aka tilasta su komawa inda ake cutar da su. Shi ya sa na fi gamsuwa da hanyar da Joan Kelly da Janet Johnston suka kawo a 2001: a fara da yaron, a binciki duk abin da ya taru ya sa yake gudun mahaifinsa ko mahaifiyarsa, kafin a nuna wa kowa yatsa.

Ruwa ba ya tsami banza

A aikina na sulhu tsakanin iyalai, da wuya in tarar da dalili guda tilo. Yawanci abubuwa biyu ko uku ne suke haɗuwa.

Wanda ake yawan mantawa da shi shi ne tsaka mai wuya da yaro ke shiga ko da ba wanda ya ce masa uffan. Yana kwana a gidan babansa, can yake ci, can yake neman izini. Ya lura cewa duk ranar da ya dawo daga wurinki da fara'a, fuskar gidan takan canza. Ba a dake shi ba, ba a zage ki ba, amma an yi tsaki, an yi shiru, an tambaye shi "me ta ce?" da wata irin murya. Yaro yana karanta fuska fiye da yadda yake jin magana. In abin ya yi masa nauyi, hanya mafi sauƙi ita ce ya ajiye ɓangare ɗaya, kuma wanda yake ajiyewa sau da yawa shi ne wanda ya tabbata ba zai daina son sa ba. Na san wannan ba ya rage zafin abin, amma ki sani zagin da yake miki ba ma'aunin abin da ke ransa ba ne.

Sai kuma jin an watsar da shi. Ranar da kika bar gidan, me aka gaya masa? Wa ya gaya masa? Yara da yawa sukan tashi da safe su tarar uwa ba ta nan, ba bayani. Yana da shekara 9 a lokacin. Gurbin da manya suka bari ba bayani, yaro yakan cike shi da kansa, ko wani ya cike masa. Kalmar "kin watsar da mu" tana iya zama karatun da aka biya masa, tana kuma iya zama ciwon da ya daɗe yana ɓoyewa, sai yanzu ya sami bakin faɗa.

Akwai kuma tambayoyin da dole in yi miki, ba don ina tuhumarki ba. Me ya faru wata bakwai da suka wuce? Kin yi aure, ko an fara maganar aurenki? Babansu ya yi? An yi rigima kan kuɗi ko kaya? Akwai alkawarin da kika yi wa yaron bai cika ba? A zuwansu na ƙarshe, an yi faɗa ko duka, ko wani a gidanku ya aibata babansa yana ji? Na sha ganin uwa tana rantsuwa ba ta taɓa zagin uban a gaban yara ba, kuma da gaskiyarta, ashe 'yan'uwanta ne ke yi a gabansu. Haka ma a ɗaya gidan, mai hura wutar ba lallai uban ba ne. Kaka, gwaggo ko matar uba kan iya yin abin da shi bai ma sani ba.

Duk da haka, akwai abubuwa a saƙonki da suka ja hankalina. Yaro ba ya tuna abin da ya faru yana goye. In yana ba da labarinsa, wani ne ya ba shi. Cewa ba ki taɓa son su ba, alhali shekara ɗaya da rabi yana zuwa wurinki yana murna, shi ma alama ce: yaron da aka cutar da gaske yakan faɗi takamaiman abin da aka yi masa, kuma yawanci ransa a rabe yake, yana fushi yana kewa. Wanda aka cusa wa ƙiyayya kuwa yakan goge alherin baya gaba ɗaya, ya yi magana da kalmomin manya, ɗaya ya zama mala'ika ɗaya shaiɗan. Shirun ƙaramar in wani ya shigo yana nuna ta riga ta gane cewa son ki abu ne da ake ɓoyewa a gidan.

Maganar babansu cewa bai hana kowa ba, ita ma ba ta wanke shi ba. Da yaron ya ce ba ya son makaranta, ko ba ya son allura, zai ce to shi ke nan? Mai riƙon yaro ba a ce masa kawai kada ya tare hanya ba. Nauyi ne a kansa ya ce, "Tashi ka kira mamarka, uwa ba abin wasa ba ce."

Alamu ne dai waɗannan, ba hujja ba. Majalisar da ke ba kotunan iyali na Ingila shawara ta fitar da jagora a ƙarshen 2024 mai matakai uku, kuma ina ganin ko a wajen kotu suna da amfani: a tabbatar yaron yana gudun mahaifin da gaske, a tabbatar ba halin wanda ake gudun ba ne ko wani dalili na daban ya jawo, sannan a tabbatar ɗaya mahaifin ya aikata abin da ya kai ga hakan. Ni ɓangare ɗaya na ji, ban zauna da yaron ba, ban ji ta bakin babansa ba, don haka ba zan yanke miki hukunci a kan mataki na biyu da na uku ba.

Dalilin da ya sa na ce kada ki faɗa masa

Na fahimci abin da ke ingiza ki. An yi miki ƙarya a wurin ɗanki, kina da gaskiyar a hannu, me zai hana ki baje ta? Abin da zai hana shi ne yaron ba alƙali ba ne. Rabinsa ke ce, rabinsa babansa. Duk wanda ya ce masa ubanka azzalumi ne, abin da zuciyarsa ke ji shi ne rabina mugu ne. An riga an yi masa haka ta ɓangarenki. In kika rama ta ɓangaren uban, ba sauran inda zai tsaya. Kuma da yamma gidan uban zai koma ya kwana, ɗauke da abin da kika ɗora masa.

Amy Baker ta yi hira da manya 40 waɗanda aka raba su da uwa ko uba ta wannan hanya suna yara, ta wallafa sakamakon a 2007. Da yawansu sun ba da labarin raina kai, baƙin ciki mai tsanani, shaye-shaye da kasa yarda da mutane. Mutum 40 ba su isa a yi wa duniya hukunci da su ba, amma abin da suka faɗa ya yi daidai da abin da manyan bincike suka nuna. Mavis Hetherington, wadda ta bi iyalai kusan 1,400 na tsawon shekaru kusan 30, ta gano cewa mafi yawan yaran da auren iyayensu ya mutu, wajen kashi 75 zuwa 80 cikin 100, sukan tashi lafiya lau. Abin da ya fi jikkata yara shi ne rigimar da ba ta ƙarewa, musamman wadda ake jefa su a tsakiyarta.

Wannan ba ya nufin ki amsa laifin da ba ki yi ba. Ki gyara abin da ya shafe shi, ki bar abin da ya shafi aure. In ya ce kin watsar da su, kina iya cewa: "Na ji ka, kuma na san ka ji zafi da na tafi. Zama ne ya ƙare tsakanina da babanka, wannan maganar manya ce, ba laifinka a ciki. Amma ni ban bar ka ba, ba kuma zan bar ka ba." In ya kawo labarin da aka ba shi, ki ce: "Ba haka na san abin ba, amma ba zan sa ka raba gardama tsakanina da babanka ba." Kada ki tambaye shi wa ya gaya masa. Da kin tambaya kin mayar da shi shaida, zai kuma rufe baki ya kare wanda ya gaya masan. In akwai inda kika kuskure masa da gaske, ki ba shi haƙuri kai tsaye ba tare da "amma" ba. Na ga wannan kaɗai ya buɗe ƙofar da lauyoyi suka kasa buɗewa.

Abin da za ki yi daga yau

Babban haɗarin da ke gabanki shi ne ki gaji ki janye, ki ce in ya girma zai neme ni. Wasu suna nema, wasu ba sa nema, kuma janyewar ita ce za ta gaskata abin da aka gaya masa. Ki ci gaba da kira a rana ɗaya da lokaci ɗaya da kowa ya sani, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Saƙonki ya zama gajere, marar roƙo, marar gori: kin tuna da jarrabawarsa, kin ga abin da yake so kin tuna shi. Kuka a waya da "haka za ka yi wa uwar da ta haife ka?" suna ƙara masa nauyi ne, sai ya ƙara gudu. Ki nemi babbar ƙawa, 'yar'uwa ko mai ba da shawara ki sauke kukan a can, don kina bukatar inda za ki sauke shi. Kada ki yi alkawarin da ba ki da tabbacin cikawa, kada kuma ki shiga gasar kyauta.

Ƙaramar tana bukatar kulawa ta musamman, don ita ce ƙofar da ke buɗe, kuma abu ne mai sauƙi a ɓata ta. Kada ki aike ta wurin yayanta da saƙo, kada ki tambaye ta me ake faɗa a gidan. Ranar da aka gane tana kawo miki rahoto, ita ma za a rufe ta. In lokacin zuwa ya yi yayan ya ƙi, ita ta zo. Bai kamata ƙin da ya yi ya cinye haƙƙinta ba.

Ki riƙa rubuta abin da ke faruwa a littafi: ranar da kika kira, abin da aka ce, hutun da aka hana. Kwanan wata da abin da ya faru kawai, ban da zagi ko fassara. Ki adana saƙonni. Amma kada ki ɗauki muryar yaron a ɓoye, kada ki sa shi maimaita magana don ki naɗa. In ya gano, yardar da ta rage ta tafi. In da hali, ki san malamansa, ki halarci abin da iyaye ke halarta a makaranta.

Sannan ki nemi babansu, a rubuce ko ta hannun mutumin da ku duka kuke jin nauyinsa. Kada ki buɗe da zargi, don wanda aka ce wa kai ne ka zuga shi zai kashe ƙarfinsa wajen kare kansa. Ki ce yaronmu yana cikin damuwa, ina so mu san yadda za mu yi. Wasu iyayen ba su san girman abin da tsakinsu ke yi ba sai wani ya nuna musu. In ya yarda a kai yaron wurin masanin halayyar yara, ki tabbata wanda zai saurari ku duka ne, ba wanda ɓangare ɗaya ya ɗauko don ya rubuta masa takarda ba.

Batun kotu

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci ma daga jiha zuwa jiha, don haka lauyan da ya san dokar iyali ta inda kike shi zai gaya miki matsayinki a kan riƙo da ziyara. Amma tushen kusan ɗaya ne a ko'ina: maslahar yaro ake dubawa. Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta faɗi haka a sashe na 3. Sashe na 9 ya ce yaron da ba ya tare da ɗaya daga iyayensa yana da haƙƙin ci gaba da hulɗa da ganawa da su duka a kai a kai, sai in hakan zai cutar da shi. Sashe na 12 ya ce a saurari ra'ayinsa gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. A shari'ar Musulunci ma, aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ko uba ta hanyar ɗansa.

Ki lura da sashe na 12 ɗin. Sauraron yaro daban, ɗora masa yanke hukunci daban. Alƙali mai basira zai ji abin da ɗan shekara 11 ya ce, sannan ya bincika daga ina maganar ta fito.

Shawarata ita ce ki gwada sulhu tukuna, amma ki sa masa wa'adi, kamar zuwa hutu mai zuwa. Lokaci ba ya taimakon wanda aka nesanta: wata bakwai ana iya gyarawa, shekara uku kuwa yaro ya riga ya gina rayuwar da ba ki cikinta. In sulhu ya ci tura, ko aka yanke hulɗa gaba ɗaya, ko aka fara shirin kai su nesa ba da saninki ba, ki tafi kotu ba tare da jin kunya ba. In kuma kina da dalilin zaton ana cutar da su a jiki, wannan ba ya jiran sulhu.

Idan kin je, abin da kika roƙa yana da muhimmanci. Wanda ya shiga yana neman a hukunta tsohon mijinta ko tsohuwar matarsa yakan fito da takarda, yaron kuma ya ƙara nisa. Ki nemi tsari rubutacce dalla-dalla: ranakun waya da lokacinsu, rabon hutu, wa zai kawo wa zai mayar, a ina za a yi musayar, da sharaɗin kada kowa ya aibata wani a gaban yara. "Ta riƙa ganinsu in an samu dama" ba tsari ba ne, rigima ce aka ɗage. Ki nemi jami'in walwalar yara ko masani ya gana da su su kaɗai. Neman a ɗauke su gaba ɗaya a dawo miki da su mataki ne mai nauyi. Akwai inda ya zama dole, amma cire yaro da ƙarfi daga gidan da ya saba yana da tasa illar, kuma masana ba su daidaita a kan amfaninsa ba. Ni nakan ajiye shi a ƙarshe, sai an tabbatar da cutarwa kuma sauran hanyoyi sun gaza.

Ga mai karatu da ke ɗaya ɓangaren, wanda yara ke hannunsa: in kana hana ziyara ne saboda tsoro na gaskiya, duka ko lalata ko maye, kare yaro wajibi ne, amma ka kai maganar gaban hukuma da hujjarka, kada ka yanke hukunci kai kaɗai. In kuwa haushin abin da aka yi maka a aure ne, ka sani mutum na iya zama mugun abokin zama kuma ya zama uba ko uwa ta gari.

'Yar'uwa, in Allah ya sa aka shirya haɗuwar farko, kada ki sa ran runguma. Zai iya zuwa da ɗaure fuska, ya ƙi cin abin da kika ba shi, ya gwada ki da magana mai zafi don ya ga ko za ki fashe. Ki sa ta zama gajeriya, awa biyu sun isa, a wurin da akwai abin yi da hannu ko abin kallo, ba zaman fuska da fuska ba. Kada a taru masa da dangi, kada a ɗauko maganar watannin da suka wuce. Kafin ku rabu ki gaya masa ranar da za ki sake kira, kuma ranar ta yi ki kira.